Ƙarfen da Ke Cikin Ƙwayar Fata da Makomar Jiyya da Haske

Gabatarwa

A shekarar 1912, wani likita Bajamushe mai suna Friedrich Meyer-Betz ya yi wa kansa allurar miligiram 200 na wani sinadari da ake kira hematofofirin, sannan ya fita cikin rana. Ba a jima ba fuskarsa da hannuwansa suka kumbura, suka yi jawur, suna raɗaɗi kamar an kwara musu tafasasshen ruwa. Ya shafe fiye da wata biyu ba shi da sukunin shiga rana. Abin lura a nan shi ne, daga jini aka samo wannan sinadari. Ɗan'uwa ne na kusa ga jan launin da ke cikin jinin kowane ɗan Adam, kuma babban abin da ya raba su shi ne ƙwayar zarra ɗaya ta ƙarfe. Idan ƙarfen yana zaune a tsakiyar sinadarin, sai ya zama mai ɗaukar iskar oksijin da rayuwa ta dogara a kanta. Idan aka zare shi, sai ya koma abin da haske ke mayarwa guba.

A kan wannan bambanci aka gina wata hanyar jiyya da likitocin fata ke amfani da ita a yau. Ana shafa wa fata magani, a jira ƙwayoyin da suka lalace su tara wannan sinadari marar ƙarfe, sannan a haska musu fitila su mutu, lafiyayyar fatar da ke kewaye kuma ta tsira. Ƙa'idojin da aka shimfiɗa wa wannan jiyya sun fayyace yawan maganin da za a shafa, da sa'o'in da za a jira, da ƙarfin hasken da za a bayar. Sai dai ba su tanadi wani ma'auni ba game da ƙarfen da ke cikin ƙwayar, alhali shi ne ke yanke hukuncin yawan sinadarin da zai taru.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, wannan giɓi ya cancanci a cike shi, amma ba ta hanyar ɗaukar ƙarfe a matsayin maƙiyin da za a kawar ba. Ƙarfe yana rage ƙarfin maganin kafin a kunna fitila, yana kuma iya ƙara masa ƙarfi bayan an kunna. Wanda ya riƙi rabin wannan magana ya saki rabi, zai iya cutar da majiyyaci da kyakkyawar niyya.

Yadda Jiyyar Take Aiki

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ƙera wani sinadari da ake kira hem. Shi ne ke cikin himogulobin na jini, shi ne kuma ke cikin wasu sinadaran da ƙwaya ke numfashi da su. Ƙirarsa tana bin matakai 8, kowane mataki da inzayim ɗin da ke kula da shi, wato sinadarin da ke hanzarta aiki. Aikin yana farawa ne a cikin maitokondiriya, ɗakin da ƙwaya ke samar da kuzarinta, inda ake haɗa wani ƙaramin sinadari da aka fi sani da ALA. Daga nan ake ta sarrafa shi har ya zama wani zobe da ake kira furotofofirin na tara. A mataki na ƙarshe, inzayim mai suna ferokilatas ya ɗauko ƙarfe ya dasa a tsakiyar zoben, kamar yadda maƙerin farfaru ke dasa dutse a zobe. Daga nan ya zama hem.

Jiki ba ya barin wannan aiki ya wuce kima. Idan hem ya wadata, shi da kansa yake taka wa matakin farko burki, sai ƙirar ALA ta ragu. Dabarar likitoci ita ce tsallake wannan burki. Idan aka shafa ALA daga waje, matakan tsakiya za su yi ta aiki ba ƙaƙƙautawa, amma maƙerin ƙarshe ba shi da saurin da zai cim musu. Sai zobba marasa ƙarfe su taru. James Kennedy da Roy Pottier da abokin aikinsu, a garin Kingston na ƙasar Kanada, su ne suka bayyana sakamakon shafa ALA a fatar majiyyata a shekarar 1990. A 1999 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Levulan, a 2001 kuma aka fara amincewa da Metvix a Turai.

Furotofofirin ya fi shan haske a wajen nanomita 405, wato shuɗi mai kusa da shunayya, yana kuma sha kaɗan a wajen nanomita 635, wato ja. Jan haske ya fi ratsa fata, shi ya sa aka fi amfani da shi ga ciwon da ya ɗan yi zurfi. A tsarin Metvix, ana rufe man na sa'a 3, sannan a ba da jan haske na jul 37 ga kowane murabba'in santimita. Da zarar zoben ya sha haske, sai ya miƙa kuzarin ga iskar oksijin da ke kusa da shi, ita kuma ta rikiɗe ta zama wani nau'i mai ƙuna. Wannan nau'i ba ya rayuwa fiye da ɗan ɓurɓushin daƙiƙa, ba ya kuma yin nisa, don haka inda aka haife shi nan yake ɓarna. Abu uku ke nan dole su haɗu: zobe marar ƙarfe, da haske, da oksijin. Idan ɗaya ya yi ƙaranci, jiyyar ta raunana.

Inda Ƙarfe Ya Shigo

Jikin baligi yana ɗauke da giram 3 zuwa 4 na sinadarin ƙarfe, wanda ake kuma kira ayon. Wajen kashi biyu bisa uku yana cikin jajayen ƙwayoyin jini. Sauran yana ajiye a hanta da saifa da ɓargo da tsoka. A kullum hanji yana tsotsar miligiram 1 zuwa 2 kacal, kwatankwacin abin da ke zubewa ta hanyar ƙwayoyin hanji da na fata da suke saɓulewa. A cikin jini, wani furotin mai suna taransferin ne ke dakon ƙarfe, biyu-biyu. A cikin ƙwaya kuwa, rumbunsa shi ne feritin, wanda guda ɗaya zai iya ɗaukar ƙwayar zarra har 4,500.

Tsakanin ɗan dako da rumbu akwai wani ɗan ƙaramin kaso da ba a kulle ba, wanda za a iya kira sakakken ƙarfe. Daga wannan kaso ne maitokondiriya ke ɗiba, daga nan kuma ferokilatas ke samun abin aiki. Ke nan ƙwayoyi biyu za su iya shan ALA daidai wa daida, amma wadda sakakken ƙarfenta ya fi yawa ta mayar da zobbanta hem da wuri, ta fito daga ƙarƙashin fitila da ranta, ɗayar kuma ta mutu. Ruwa ba ya tsami banza. Idan aka yi wa tabo biyu jiyya iri ɗaya, ɗaya ya warke ɗaya ya dawo, ƙarfe yana cikin abubuwan da ya kamata a tuhuma.

Halitta da kanta ta ba da shaida a kan haka. Akwai wata cutar gado da aka bayyana a shekarar 1961, wadda masu ita ake haihuwarsu da raunin ferokilatas. Furotofofirin yana taruwa a jininsu, kuma mintuna kaɗan a rana sun isa su sa yaro ya yi ta kururuwa saboda zafin fata, sau da yawa ba tare da wata alama da ido zai gani ba. Abin da waɗannan bayin Allah ke fama da shi tsawon rayuwa, shi ne likita ke neman haddasawa na sa'o'i kaɗan a wuri ƙayyadadde.

Har ila yau, masu bincike sun danganta yadda ƙwayoyin sankara ke tara furotofofirin fiye da lafiyayyu da dalilai da dama. Daga ciki akwai raunin ferokilatas a wasu nau'o'in sankara, da lalacewar saman fata wanda ke sauƙaƙa wa magani shiga, da kuma yadda ƙwaya mai saurin rabuwa ke karkatar da ƙarfenta wajen ƙirar sabon kayan gado. Wannan na ƙarshe ya nuna cewa yawan ƙarfen da ƙwaya ta haɗiya ba shi ne ma'auni ba. Abin dubawa shi ne nawa ya isa hannun maƙerin a daidai lokacin da zobba suke taruwa.

Awartakin Kama Ƙarfe

Tunda haka ne, dabara ta farko da ta zo wa masu bincike ita ce a ɗauke ƙarfen na ɗan lokaci. Akwai magunguna da ke kama ƙarfe su riƙe, tamkar awartaki a hannun maƙeri. Mafi daɗewa a cikinsu shi ne desferoksamin, wanda tun shekarun 1960 ake ba majiyyatan da ƙarfe ya yi wa yawa saboda yawan ƙarin jini. A farkon shekarun 1990, Bernhard Ortel da abokan aikinsa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya suka nuna cewa haɗa shi da ALA yana ƙara taruwar fofirin a ƙwayoyin fata da aka rena a ɗakin gwaji, kuma a 1995 aka wallafa gwajinsu a kan majiyyata.

Sai dai abin da aka gani a faranti bai fito sarai a jikin mutum ba. Desferoksamin babba ne, ya fi son ruwa a kan mai, don haka ratsa fata da shiga ƙwaya suna yi masa wuya. Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2003 ya ga ya ƙara furotofofirin a lafiyayyar fata idan ALA ɗin kaɗan ne, amma bai kawo ƙarin a zo a gani ba a kan sankarar da ake son kashewa. Wannan ya sa hankali ya koma ga ƙananan sinadarai masu saurin shiga ƙwaya, irin su CP94, wanda ya fito daga aikin Robert Hider a Landan. Alison Curnow da tawagarta a yankin Cornwall sun gwada shi a ƙwayoyin fata, sannan a 2008 suka wallafa ɗan ƙaramin gwaji a kan masu sankarar tushen fata mai ƙullutu, inda aka ga ana iya shafa shi ba tare da wata sabuwar illa ba. Daga baya suka yi aiki a kan haɗe ALA da CP94 su zama sinadari guda, domin su isa cikin ƙwaya tare.

Duk da wannan ƙoƙari na fiye da shekara 30, har yanzu kama ƙarfe bai shiga cikin ƙa'idar jiyyar da ake bi a asibitoci ba. Wasu za su ce wannan ya isa hujjar cewa batun ba shi da nauyi. Amma akwai wata fassarar da ta fi dacewa da abin da aka sani game da ƙarfe, ita ce an daɗe ana kallon fuskarsa guda.

Fuska ta Biyu

Kowa ya san abin da ke faruwa idan aka bar fartanya a cikin damina. Irin wannan mu'amala tsakanin ƙarfe da oksijin tana faruwa a cikin ƙwaya. Tun a 1894 masanin kimiyyar sinadarai Henry Fenton ya lura cewa ƙarfe da ruwan haidurojin feroksaid idan suka haɗu suna haifar da wani abu mai cin duk abin da ya taɓa. Daga baya aka gane cewa wani ɓarɓashi ne mai tsananin ƙuna, wanda ke yayyaga kitsen da aka gina bangon ƙwaya da shi. Jiyya da haske tana samar da feroksaid a cikin ƙwaya, tana kuma fara ƙona kitsen bango. Idan akwai sakakken ƙarfe a wurin, sai ya rura wutar, ɓarnar ta yi ta yaɗuwa daga wannan kitse zuwa wancan.

A 1999, Charareh Pourzand da Rex Tyrrell da abokan aikinsu a Jami'ar Bath suka nuna cewa nau'in hasken rana da ake kira UVA yana sa ƙwayoyin fatar mutum su saki ƙarfe nan take, saboda yana huda jakunkunan narkar da shara na cikin ƙwaya, abin da ke cikinsu kuma ya fasa rumbun feritin. Tun kafin nan, aikin Tyrrell ya nuna cewa wannan haske yana tayar da inzayim ɗin da ke farfasa hem, wanda shi ma ƙarfe yake saki. A 2012 kuma ɗakin binciken Brent Stockwell a Jami'ar Columbia ta Amurka ya raɗa wa wata irin mutuwar ƙwaya suna ferotosis, wato mutuwar da ba ta aukuwa sai da ƙarfe, wadda kuma magungunan kama ƙarfe ke iya hanawa.

Idan aka jera waɗannan a wuri guda, matsalar ta fito fili. Awartakin da ya riƙe ƙarfe a sa'o'in jira ya taimaka, domin zobba sun taru. Amma idan bai saki ba har bayan an kunna fitila, ya janye itacen da zai ƙara wa wutar ƙarfi. Ribar da aka ci da safe za a iya mayar da wani kaso nata da yamma. A wani gefen kuma, wannan riƙo zai iya kare lafiyayyar fatar da ke gefe daga ƙunar da ba a nema ba. Bahaushe ya ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, wato aiki da lokacinsa. Tambayar da ta dace a yi ke nan: yaushe za a kama, nawa za a kama, kuma yaushe ya kamata a saki? Binciken da ya tsaya ga auna yawan furotofofirin kaɗai, bai bi ƙwayoyin ya ga nawa suka mutu ba da kuma ta wace hanya, ya amsa rabin tambaya ne.

Kuskuren da Ake Gudu

A nan ne maganar ta fi buƙatar taka-tsantsan. Mai karatu zai iya cewa, tunda ƙarancin ƙarfe yana ƙara wa maganin ƙarfi, to mai ƙarancin jini ya fi kowa dacewa da shi, ko kuma majiyyaci ya dakatar da ƙwayar ƙarin jini kafin a yi masa. Wannan fahimta kuskure ce, kuma mai haɗari ce a ƙasar da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan da ke tsakanin shekara 15 da 49 suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Ƙarfen da ake aunawa a jini daban, sakakken ƙarfen da ke cikin maitokondiriyar ƙwayar fata daban. Ƙwaya tana da hanyoyin daidaita nata, idan ya ragu ta ƙara ƙofofin karɓa, idan ya yi yawa ta ƙara rumbu. Daɗin daɗawa, idan jiki ya rasa ƙarfe, ferokilatas ba ya zama hannu rabbana. Sinadarin zinki yake ɗauka ya dasa a zoben, kuma wannan zobe mai zinki yana maƙale a cikin jajayen ƙwayoyin jini, ba ya jawo ƙunar rana. Shi ya sa mace mai ƙarancin jini take wuni a gona ba tare da fatarta ta yi abin da ta Meyer-Betz ta yi ba. Irin wannan ake gani a gubar dalma, kamar wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan masu haƙar zinariya a Jihar Zamfara a 2010. Dalma tana gurgunta inzayim biyu a wannan hanya, ciki har da ferokilatas, zobe mai zinki ya hauhawa a jini, amma cutar tana bayyana ne a ƙwaƙwalwa da ciki da jini, ba a ƙunar fata ba.

A ɗaya gefen akwai masu cutar sikila, waɗanda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawansu. Wanda ake yawan yi wa ƙarin jini a cikinsu yana tara ƙarfe, domin kowace leda tana ɗauke da wajen miligiram 200, jiki kuma ba shi da hanyar fitar da rarar. Wasunsu suna shan magungunan kama ƙarfe kullum. Al'ummar da ke da ƙarancin ƙarfe da kuma rararsa a gida ɗaya, ba ta dace a ɗauko mata ma'aunin da aka gwada a kan wasu mutane a ɗora mata ido rufe ba. Hukuncin a nan a sarari yake: batun kama ƙarfe a wannan jiyya batu ne na abin da ake shafawa a kan tabo, na sa'o'i kaɗan, a hannun likita. Bai shafi abincin majiyyaci ba, bai kuma ba kowa izinin barin maganin ƙarin jini ba.

Waɗanda Abin Ya Fi Shafa

Galibin gwaje-gwajen wannan jiyya an yi su ne a Turai da Amurka da Ostireliya, a kan tsofaffi fararen fata waɗanda rana ta lalata wa goshi da sanƙo. Baƙar fata tana da launin melanin da ke kare ta, don haka irin wannan ciwo bai yawaita a cikinta ba. Launin kuma yana shanye wani kaso na hasken jiyya, yana iya barin baƙin tabo bayan an warke. Amma akwai wasu mutane a ƙasar Hausa da sauran sassan Afirka waɗanda ba su da wannan garkuwa, su ne zabiyoyi. Tun suna samari fatarsu ke fara fitar da tabo mai kaushi a fuska da kunne da wuya da dantse, wanda wani daga ciki yakan rikiɗe ya zama sankara mai cin nama. Sankarar fata tana cikin manyan abubuwan da ke katse musu rayuwa da wuri. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 13 ga Yuni ta kowace shekara domin wayar da kai game da halin da suke ciki, an kuma fara bikinta a 2015.

Wannan tabo mai kaushi shi ne ainihin abin da aka fara amincewa a yi wa jiyya da man ALA da haske. Fa'idarta ita ce tana share fili mai faɗi a zama ɗaya, har da ƙwayoyin da suka fara lalacewa ido bai gan su ba, kuma ba ta barin tabon yanka. A 2008 likitoci a birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak suka nuna cewa hasken rana zai iya maye gurbin fitila. Ana shafa man, majiyyaci ya fita cikin rabin sa'a, ya zauna sa'a 2 a waje, raɗaɗin kuma bai kai na fitila ba, domin zobban suna ƙonewa kaɗan-kaɗan yayin da ake ƙera su.

Ga yankin da wutar lantarki ba ta da tabbas, rana kuwa ba ta yankewa, wannan hanya tana da jan hankali. Amma ranar Kofanhegan ba ta Sakkwato ko Damagaram ba ce. Hasken rana yana ɗauke da UVA, wanda aka riga aka nuna yana sakin ƙarfe a ƙwayar fata. A jiyyar fitila, ƙirar zobba tana gabata, haske ya biyo baya. A jiyyar rana kuwa, lokaci guda suke tafiya, don haka duk ƙarfen da rana ta saki zai tarar da maƙeri a bakin aiki. Ana shafa man kariya kafin a fita, amma ba ya tare UVA gaba ɗaya. Ga zafin bazara da kan haura digiri 40, ga gumi, ga ƙurar hunturu da ke sauya yanayin hasken da ke isowa ƙasa. Uwa-uba, zaunar da zabiya a rana na sa'a 2 abu ne da ba a yi da wasa. Waɗannan tambayoyi ne da sai a wannan yanayi, a kan wannan fata, za a iya amsa su.

Hujjar Masu Suka

Akwai masu ganin cewa duk wannan gini ne a kan abin da ba shi ne gaba ba, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Na farko, abin da zabiya ya fi buƙata shi ne malafa mai faɗi, da riga mai dogon hannu, da man kariya daga rana, da sana'ar da ba ta cikin rana, da likitan da zai duba fatarsa a kai a kai. Rigakafi ya fi magani. Na biyu, akwai hanyoyi masu araha na kashe tabon, kamar daskarar da shi da ruwan naitirojin ko shafa man fuluroyurasil. Na uku, jiyya da haske ba ta ratsa fiye da milimita kaɗan. Ba a yin ta ga sankarar da ta riga ta nutsa cikin nama, wannan sai tiyata, kuma da yawa daga majiyyata sai ciwo ya ci ƙarfinsu suke isa asibiti. Na huɗu, ƙarfe ɗaya ba ya amo. Kaurin saman fata, da ɗuminta, da yawan oksijin, da wasu famfuna da ƙwaya ke fitar da furotofofirin da su, duk suna da tasiri, kuma kankare ɓawon tabo kafin shafa magani yana ƙara nasara ba tare da wani sabon sinadari ba.

Duk waɗannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya fifita binciken ƙarfe a kan raba malafa da man kariya ya juya al'amari. Sai dai ba ɗayansu da ya kore batun. Man ALA yana da tsada. Idan sarrafa ƙarfe zai sa kaɗan ya yi aikin mai yawa, ko ya rage sa'o'in jira, ko ya hana majiyyacin da ya taso daga ƙauye mai nisa sake dawowa zagaye na biyu, to talaka ne ya fi kowa cin moriyarsa. Asibitin da ke da wadata zai iya maimaita jiyyar da ta gaza. Wanda ya sayar da akuya ya biya kuɗin mota ba shi da wannan sarari.

Kammalawa

Abubuwa uku ne suka dace a yi, kuma babu wanda ya fi ƙarfin jami'a mai asibitin koyarwa. Na farko ya shafi ɗakin gwaji. Ruwan da ake renon ƙwayoyi a cikinsa ya bambanta wajen yawan ƙarfe, wani an zuba masa, wani ba a zuba ba, ruwan jinin ɗan maraƙi da ake ƙarawa kuma yana zuwa da nasa. Ya kamata duk rahoton da ya shafi ALA ya bayyana wannan, ya kuma auna sakakken ƙarfe kafin haske da bayansa. In ba haka ba, ɗakuna biyu za su yi ta musu a kan sakamakon da ruwan reno ne ya raba su.

Na biyu ya shafi asibiti. Furotofofirin yana da wata baiwa, idan aka haska masa shuɗin haske a ɗaki mai duhu yakan yi ƙyallin ja. Da ƙaramar fitila da kyamara za a iya ganin ko tabo ya tara abin da ake buƙata kafin a fara. Gani ya kori ji. A riƙa rubuta wannan tare da ma'aunin feritin da himogulobin na majiyyaci, da ko yana shan maganin ƙarin jini ko na kama ƙarfe. Cikin 'yan shekaru za a tara bayanan da za su nuna ko akwai alaƙa ko babu, kuma kowace amsa aka samu tana da amfani.

Na uku, duk gwajin da za a yi da hasken rana a kan zabiyoyi, a yi shi da yardarsu da shawarar ƙungiyoyinsu, a ƙarƙashin inuwa ko rufin da ke tace haske mai cutarwa, kuma a haɗa shi da kayan kariya da duban fata na dindindin, domin kada wanda ya ba da fatarsa ga bincike ya koma gida hannu wofi.

Sassan koyar da Hausa su ma suna da rawar takawa. Likita zai buƙaci kalmomin da zai bayyana wa uwar yaro zabiya dalilin da ya sa ranar da aka hana ɗanta shiga tun yana goye, yau ake son ya zauna kusa da ita na sa'a 2, da kuma dalilin da ya sa ita ba za ta daina shan maganin ƙarin jininta ba. Idan ba a samar da waɗannan kalmomi daga jami'a ba, masu tallan magani a kasuwa za su samar da nasu.